Robar da Ke Ƙofar Motar Iliyasu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wayar Iliyasu ta yi ƙara a aljihuna ba, wata biyar bayan mun binne shi. Ƙanena ne, mai gyaran jikin mota, yana cikin waɗanda bam ya rutsa da su a kasuwar Jimeta. Na ɗauka, wani ya ce an zaɓi motar da Iliyasu ya ƙera, za a nuna ta a bajekoli tare da motocin manyan kamfanoni. Na ce, "Za ta zo." Na kasa gaya masa mai motar ya rasu.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu. Shekara uku yana haɗa motar nan, shekara uku ina yi masa dariya. Kwalekwale nake kiranta, don da faibar da ake liƙe jiragen ruwa a bakin kogi ya yi jikinta. Yakan nuna mini bidiyon wani ƙaramin kamfani a Turai da ya ƙera motar tsere da kabon faiba, wani abu mai kama da baƙar saƙa, ya fi ƙarfe sauƙi kuma ya fi shi ƙarfi, har suna goga kafaɗa da kamfanonin da suka girmi kakanninsu.

"Hamma, su ma a rumfa suka fara," in ji shi. Hamma ake kiran yaya a wajenmu.

"Rumfarsu da wutar lantarki," in ji ni. (A lokacin na ɗauka na yi magana mai hikima.)

Kabon ɗin gaske da ya samu bai wuce tafin hannu ba, ya manna shi a tsakiyar sitiyari. Motar baƙa ce, tsayinta iya ƙuguna, ƙofarta ɗaya tak, kuma sama take ɗagawa kamar fiffike.

Ran bajekolin na yi sammako zuwa garejinsu a unguwar Limawa, na tarar da Yohanna, mai walda, abokin aikinsa, yana wanke ta. Ya ce in bari shi ya tuƙa. Na ce a'a, jinina ne, ni zan tuƙa. Abin da nake so shi ne mutane su ga motar yaron nan tana tafiya ko sau ɗaya, kuma ta hannun wanda ya fi kowa raina ta. Da Yohanna ya tafi sayo mai, sai na hangi wata robar tayar keke ɗaure a bakin ƙofar, ta yi ƙura, tana reto. Na ce a raina, wannan ƙazantar ce za ta tsaya kusa da motocin masu kuɗi? Na sa reza na yanke ta, na jefa a kwata. Har na ji daɗin kaina.

A bayan babbar mota aka kai ta filin. Shekarun nan ne da ba a shiga taro sai an laluba mutum tun daga hula har takalmi, kowa yana kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido. Motocin dillalai suna jere suna walƙiya, tamu tana can ƙarshe kusa da masu sayar da ruwa. Dada, mahaifiyarmu, ta zauna a kujerar roba a layin gaba. Tun rasuwar ba ta taka ƙofar gida ba sai ranar.

Aka kira sunan Iliyasu a lasifika. Na tattara babbar rigata ta shadda, na cusa kaina ciki da ƙyar (ni malamin firamare ne, kuma ba siriri ba), na jawo ƙofar. Na ji ta ce ƙas. Na murɗa makulli, ta tashi, ta kuwa tafi. Wallahi ta tafi, ba nauyi, kamar iska ke tura ta. Aka yi tafi, yara suka bi ta da gudu. Na zagaya rabin fili, sai na saki kuloci da garaje, ta mutu daidai gaban rumfar manyan baƙi.

Na kai hannu in buɗe ƙofa. Babu abin kamawa. Na laluba sama, na laluba ƙasa, babu. Tagar roba ce, a manne take. Wanda ya san ranar Yola ya san abin da baƙar mota a rufe take zama. Gumi ya rufe mini ido, na fara dukan taga, ina salati da ƙarfi, na cusa hannu ƙarƙashin riga ina neman wayata.

To ku dubi abin da mutane suka gani: baƙuwar mota ta tsaya gaban manya, wani ƙato a ciki ya ƙi fitowa, bakinsa yana motsi, hannunsa a cikin riga.

Ban ji wanda ya fara ihu ba. Na dai ga kujeru suna kifewa, mata suna jan yara, manya sun bar takalmansu. Kafin in haɗiye yawu fili ya watse, sai sojoji uku da suka nuno ni da bindiga suna cewa, "Fito! Fito!" Ban ga laifinsu ba. Ni kaina da ina waje, da na riga kowa gudu, don na san abin da irin wannan gudun yake nufi, na wanke gawar da bam ya bari.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Dada tana zaune a kujerarta, hannunta a kan gwiwa, tana kallon motar.

Yohanna ya taho a hankali, hannuwansa a sama. "Oga, kar ka harba! Malamin makaranta ne. Ƙofa ne ya kulle!" Ɗaya ya ɗaga gindin bindiga zai fasa tagar, na haɗa hannuwa ina roƙonsa kada ya fasa. Yohanna ya buɗe wajen inji ta baya, ya kwance allon da ke bayan kujera. Ramin bai ɗauki riga ba, dole na tuɓe. Ta ƙafa aka jawo ni, daga ni sai singileti, bututun hayaƙi ya ƙona mini ciki, sojojin da suka kusa harbe ni suna dariya har da dafa juna.

Yohanna bai yi dariya ba. Ya duba bakin ƙofar, ya dube ni.

"Hamma, ina roba?"

"Na yanke."

Ya ce, "Roba ɗin ne yake riƙe harshen ƙofa kar ya kulle. Waya na ƙarfe da zai ja shi ne ba mu samu ba. Shi ne Iliyasu ya je saya a kasuwa ranar nan."

Ban taɓa tambayar abin da ya kai shi kasuwar ba. A raina na riga na yanke cewa yawo ya je.

Dada ta taso, ta shafa bayan motar, ta ce, "Ta yi tafiya dai. Na gani da idona." Ta miƙo mini mayafinta in rufe jikina.

A gari babu wanda ya tuna motar ta yi tafiya. Malamin da aka jawo ta ƙafa ake tunawa, ɗalibaina har yau Malam Fito suke kirana idan na juya baya. Ni dai na koyi abu ɗaya: in ka ga mai sana'a ya ɗaure abu da roba, ka tambayi abin da take riƙewa kafin ka nemi reza.

Motar tana Limawa a ƙarƙashin tamfol. Na sayo wayar ƙofar tun bara, tana cikin ledarta a ɗakina. Yohanna ya ce in kawo duk ranar da na shirya. Ban kai ba tukuna.