Yadda Za Ka Wanke Kanka da Bishiyar Li'irabi Idan Ka Manta Surukarka a Tasha

Kai da ka fara karatun ilimin harsuna ana ce maka ba ya kawo komai gida, matso kusa. Hanyar nan tabbatacciya ce. Duk wanda ya bi ta daki-daki, babu mai kayar da shi a gardama a ƙarƙashin rufinsa. An gwada ta a kan mutum mai rai, wani ma'aikacin ofishin ruwa da ya shiga karatun ƙarshen mako bayan furfura ta fara yi masa sallama. Karatu bai yi nisa ba abokan aiki suka laƙaba masa Furofesa, don ko gaishe shi aka yi sai ya nemi inda aikatau yake. Da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Ka yi laifin tukuna

Ba a kare kai sai da laifi, don haka kada ka tsallake wannan. Furofesa yana ɗaure takalmi da safe matarsa ta gaya masa mahaifiyarta na hanya, za ta zo ganin likitan gwiwa, ya tarye ta a tasha. Ya ce to. Ya shiga aji ya kashe waya saboda ladabi. Malami ya rubuta J → YS + YA a allo, ya ce kowace jimla gida biyu take rabuwa, yankin suna da yankin aikatau. Daɗi ya kama Furofesa, duniya ta ɓace masa har da surukarsa. Sai da yamma ya dawo, ana sheƙa ruwa, yana 'yar waƙarsa.

Mataki na 2: Kada ka amsa, ka sa a maimaita

Matarsa ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayansa, ta leƙa cikin mota.

"Ina Mama? Tun rana wayarta ba ta shiga, taka ma a kashe. Na ɗauka kuna asibiti."

A nan ne marar ilimi yake juyawa da gudu ya tayar da mota. Furofesa ma ƙafarsa har ta juya da kanta. Amma ya tuna shi ɗalibi ne, ya dawo da ita.

"Tsaya. Me kika ce mini, kalma da kalma?"

"Na ce maka ka ɗauko Mama a tasha yau!"

Alhamdu lillahi. Ka samu jimla. Mai jimla a hannu bai rasa mafita ba.

Mataki na 3: Dasa bishiya

Nemi wuri fari mai faɗi. Furofesa ƙofar firji ya samu, da alƙalamin da ake rubutu da shi a kan kwali. Ka sa J a can sama, ka ja reshe biyu ƙasa, kowane reshe ka sake tsaga shi, har kowace kalma ta samu inda za ta rataya. Kada ka damu don bishiyar saiwarta na sama ganyenta na ƙasa. Masana sun gani, sun bar ta haka.

Ka yi zanen a natse. Mai gaggawa kama yake da mai laifi.

Mataki na 4: Rataya laifin a wani reshe

Ga zuciyar darasin. Furofesa ya zana bishiya biyu, ya ɗora kan alƙalami a kan kalmar ƙarshe.

"Kin ga wannan 'yau' ɗin? A bishiyar farko tana ƙarƙashin 'ɗauko', wato yau za a ɗauko ta. A ta biyu kuwa tana ƙarƙashin 'ce', wato yau kika faɗa, ɗaukowa kuma sai ranar da Allah Ya yi. Jimlarki harshen damo gare ta. Ni ta biyun na ji."

Matar ta dubi firjinta, ta dube shi.

"Baban yara, ruwa fa ake yi. Gwiwarta ba ta lanƙwasuwa."

"Wannan wata jimla ce daban, za mu zo kanta."

Lura da kyau: bai yi ƙarya ba. Ilimi yana hutar da mutum daga ƙarya.

Mataki na 5: Bar ta ta yi ta magana

Za ta fara, kuma ba za ta tsaya ba: cewa ita ta san cewa kai ka san cewa kowa ya san cewa ba wannan ne na farko ba. Kada ka ji haushi. Malamin Furofesa ya riga ya faɗa musu cewa jimla tana iya ɗaukar wata jimla a cikinta, ita ma ta ɗauki wata, har abada. Abin da ka karanta a littafi ne kake gani a fili kyauta. Ka riƙa gyaɗa kai.

Furofesa yana gyaɗawa ta zari mayafi da makullin mota. Kafin ta kai ƙofa aka ƙwanƙwasa.

Mataki na 6: Idan wadda ake magana a kanta ta iso da kanta

Mama ce, direban tasi na riƙe da jakarta, ita kuma tana dafe da bango. Zanenta ya jiƙe har ƙugu, takalminta ɗaya a hannu don igiyarsa ta tsinke. Direban ya ajiye jaka, ya yi wa Furofesa wani kallo, ya tafi.

Furofesa ya durƙusa, alƙalami a hannu. "Sannunku da zuwa, Mama. Kun sha hanya."

Ba ta yi faɗa ba, abin da littafi bai shirya shi a kai ba ke nan. Ta zauna a kujera a hankali, 'yarta na goge mata ƙafa da tawul. Ta hango firji ta ce, "Yara ne suka ɓata muku?" Sai ta juyo gare shi.

"Ɗan nan, lafiyarka ƙalau ko? Duk farar motar da ta shigo sai na miƙe. Da na ga shiru sai na ce ko wani abu ne ya same ka a hanya, na yi ta yi maka addu'a."

Furofesa ya yi abin da aka koya masa. Ya ɗauki maganar a ransa ya raba ta gida biyu, ya bi reshe-reshe yana neman kalmar da za a cire a rataya a wani wuri. Ya sake bi daga farko. Bishiya ɗaya ce. Ya ajiye alƙalami, ya ɗauko tsumma ya nufi firji, sai ya tarar tawadar irin wadda ba ta goguwa ce. Har aka gama jinyar gwiwar, duk wanda zai sha ruwan sanyi a gidan sai ya bi ta gaban hujjarsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin ba za a kayar da kai a gardama ba, kuma ba a kayar da Furofesa ba, har yau babu wanda ya nuna kuskure a zanensa. Abin da ya biyo baya, na gaisuwar da ake amsa masa a taƙaice da abincin da ake dire masa ba magana, ba ya cikin manhaja. Idan kuma ka ji bakinka yana son ya ce "Mama, ku yafe mini," kamar yadda nasa ya ce washegari a ɗakin jiran likita yana riƙe mata jaka, to da kanka ka gina wannan jimla. Mu ba mu koyar da ita ba, kuma ba mu da hannu a sakamakonta.