Loma Uku a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba (na yi iya ƙoƙarina in manta, abin ya ƙi) da ranar da surukina ya karanta wa jama'a abin da ke cikin tumbina, da irin muryar da yake yi wa ɗalibai jawabi a filin makaranta.

Bari in fara da sunan da na yi. Shekara tara ke nan da na auri Zulai, kuma a gidansu da ke Gawu Babangida an san ni da abu ɗaya: ba na cin abinci. Kowa ya san suruki ba ya zuwa gidan surukai ya zage ya kwashi girki, amma ni na kai abin wani matsayi. Sai a kawo mini tuwo malmala uku, miya tana ƙamshin man shanu, a ajiye a ɗakin baƙi a saki labule, in yi loma uku in rufe kwano. Uku cif. Har misali ake yi da ni. Sani, mijin ƙanwar Zulai, wanda idan ya samu kwano sai an jiyo ƙarar cokali daga tsakar gida, ya sha gori a kaina. "Ka dubi Abban Nana mana," haka ake ce masa, "ga mutum mai kunya." Ni kuma in sunkuyar da kai kamar ban ji ba, alhali daɗi ya kusa kashe ni.

Abin da ba su sani ba shi ne Lambata, garin da ke kan hanyar Suleja zuwa Gawu. A bayan masu gyaran taya akwai rumfar wata 'yar Binuwai, Madam Agnes, mai sakwara da miyar agushi (a wurin mahautanmu take sayen nama, na bincika, ni ba sakarai ba ne). Duk ranar da za ni gidan surukai, daga Suleja ba na tsayawa ko'ina sai can. Idan Zulai tana cikin mota, sai in ce mata, "Bari in sa a duba tayar nan ta baya, ban yarda da ita ba." In zagaya, in yi minti ashirin, in wanke hannu da sabulu sau biyu, in dawo ina ƙorafin halin masu faci. Madam har ta gane. Da ta hango ni sai ta ce, "Oga, yau ma gidan suruki? Zauna, bari na saka maka dobul."

To bara sai likita ya duba ni, ya dubi tumbina, ya ce sukarina ya fara hawa. Ya ce in riƙa rubuta duk abin da na ci, da lokacin da na ci, da dalilin da ya sa na ci. Na ce to, amma a raina na ce in rubuta a littafi Zulai ta gani? Allah ya kiyaye. Wani abokin aikina a ofis, Mista Bulus, shi ya nuna mini wata manhaja a waya. Ba ta tambayar sunanka, ba ta neman lambarka, ba ta buƙatar data. Duk abin da ka rubuta yana nan cikin wayarka, ko waɗanda suka ƙirƙire ta ba sa gani, kuma ba ta buɗewa sai da babban yatsanka. "Oga, wannan ko madam ɗinka ta gida ba ta isa ba," in ji Bulus.

Nan fa na samu aminiya. Manhajar ba ta san tuwo ba, ba ta san ganda ba, don haka da hannuna nake shigar da komai. Akwai kuma wani ɗan gurbi na rubuta dalili. Wannan gurbin shi ya kashe ni. Tunda na tabbata babu mai gani, sai na shiga faɗin gaskiya irin wadda ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Har nishaɗi nake yi a ciki.

Ranar da abin ya faru, walimar auren ƙanin Zulai ake yi. Ita da yara sun riga ni tafiya da kwana biyu, na biyo baya ni kaɗai, na yi abin da na saba a hanya, na isa na yi loma ukuna. Bayan La'asar maza suka taru a gindin mangwaron ƙofar gida. Surukina, tsohon hedimasta ne da kowa ke kira Baba, yana kan kujera, mu kuma muna kan tabarma: ni, da Sani, da kawunnan ango, da limamin unguwa. Sai Baba ya fara kukan cewa shi ma likita ya ce ya riƙa lissafa abin da yake ci, jikokinsa sun ce a waya ake yi, shi kuma bai yarda da waya ba. "Yau ka rubuta ka sha koko, gobe wani Bature a can ƙasarsu ya san ka sha koko. Ina dalili?"

Da na yi shiru, da yanzu ina nan da mutuncina. Amma ina! Bakina ya yi ƙaiƙayi. Na gyara zama na yi lacca a kan sirri. Na ce tawa manhajar ko aljani bai isa ya leƙa ta ba. Na dangwala yatsa ta buɗe, na rarrafa na miƙa wa Baba da hannu biyu, don ya ga yadda shafin farko yake.

Na manta abu biyu. Na farko, shafin farko shi ne abincin yau. Na biyu, Baba bai iya karatu a zuci ba. Ko allon talla ya gani a hanya sai ya karanta wa na kusa da shi.

Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Ƙarfe sha ɗaya da kwata. Lambata. Sakwara malmala biyu, miyar agushi, ganda huɗu, kifi ɗaya." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da kai. "Dalili: za ni gidan surukai, inda ake azumin da babu lada."

Liman ya shiga kallon carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ku da kuke cewa me ya hana ni fizge wayar, ku gaya mini: wa ya taɓa fizge abu daga hannun surukinsa? Kunyar da na yi shekara tara ina taƙama da ita, ita ta danne ni a kan tabarma. Na ce, "Baba, ai wannan gwaji ne kawai…" Ya ɗaga mini hannu, irin yadda ake yi wa ɗalibi mai surutu.

"Ƙarfe ɗaya da rabi. Tuwon shinkafar Hajiya da miyar taushe, loma uku. Dalili: mutunci. Wallahi miyar nan ta fi ta Madam nesa ba kusa ba, kamar in yi kuka da na rufe kwanon." Ya ja shafin da yatsa. "Abin da ke tafe: tsire a Lambata wajen komawa. A ce wa Zulai taya."

Sani ne ya fara fashewa. Dariyar shekara tara ya yi, har da kwanciya a tabarma yana dukan ƙasa. "Ka dubi Abban Nana mana!" yake cewa, hawaye na zuba. Gumi ya wanke ni har cikin hula. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Sai na ji motsi a bakin zaure. Hajiya ce, surukata, tsaye da butar shayi a hannu, Zulai na bayanta riƙe da kofuna. Ashe tun sanda Baba ya karanto ganda suke wurin.

Zulai ta ce, "Ashe tayar ke nan." Na san sauran yana jira na a gida.

Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba. Ba ta ma dube ni ba, da Baba ta yi magana, a hankali. "Malam, ka san shekara nawa ina sauya wa bawan Allahn nan miya? Na yi kuka, na yi kuɓewa, na yi zogale. Har gidan maƙwabciyarmu Ladi na je ta koya mini taushe irin nata. Duk sanda kwanon ya dawo a cike, sai in ce hannuna ne bai yi masa ba."

Wannan ta fi karatun Baba zafi. Ni ina can ina tattara yabo, ashe tsohuwa tana komawa madafa da kwano tana zargin hannunta. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya.

Ta juya ta shiga. Ba a jima ba sai ga tire: malmala huɗu, miya har tana zuba. Ba a kai ɗakin baƙi ba. A gabana aka dire, a gaban liman da kowa. Hajiya ta ce daga bakin zaure, "A gaya wa Abban Nana, yau babu labule. Idan ya gama ya rubuta dalili."

Na ci. Ina jin kunya kamar in mutu, ina kai loma, Sani yana ƙirga mini da ƙarfi. A ta ashirin da shida ya gaji ya wanke hannu ya sa mini hannu. (Likita bai ji daɗin shafin ranar ba, amma shi ba shi da suruka a Gawu.)

Manhajar tana nan a wayata, kuma ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Ni na buɗe ta da yatsana, na rarrafa na miƙa da hannu biyu. Abin da na koya shi ne, wanda zai tona maka asiri ba a ƙasar Turawa yake ba, a jikin hannunka yake. Yanzu idan na je Gawu sai na ga ƙasan kwano nake tashi. Tayar baya kuma, tun ranar ba ta sake ba ni matsala ba.