Ranar da Aladu Suka Shiga Min Citta

Duk abin da zan manta a duniyar nan, ban da Asabar ɗin da na tsaya gaban matan zumunta ina koya musu kwanciyar hankali.

A cocinmu da ke Kafanchan akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, kowa Mama Nas yake ce mata. Ita ta fara tara mu bayan aikin shara tana koya mana numfashi: a ja iska ta hanci a hankali, a riƙe kaɗan, a sake ta baki, a bar tunani ya zo ya wuce. Da farko dariya muka yi, wai tun haihuwa muke numfashi sai yanzu za a koya mana. Amma matar nan Allah ya yi mata baiwa. Matan da fargaba ta hana su barci tun rikicin da ya taɓa ƙauyukansu, da masu hawan jini, duk suka fara samun sauƙi. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma ina sha'awarta har raina.

Ni kuwa (a tambayi mijina) zuciyata a kusa take. Na dage da koyo, har na fara yawo ina ba da shaida cewa fushi ya bar ni. Da Mama Nas za ta tafi Samaru Kataf buɗe wani aji, sai ta ce, “Ladi, Asabar ke za ki ja mu, in gani ko zan bar maki su.” Kaina ya kumbura, domin ajin nan nake so ƙwarai.

Ranar na ɗaura sabon zane, na karɓi makirufo (ba wanda ya ce in ɗauka, ni na ga ya dace da matsayina). Na sassauta murya na ce, “Ku rufe ido. Ku bar damuwa a waje.” Coci ya yi tsit. Sai na buɗe ido ɗaya don in ga yadda nake burge su. Ta taga na hango cittar da na shanya a filin coci, noman shekara guda, aladun maƙwabta uku suna turmuzar ta da hanci.

“Kai! Uban wa ya saki aladun nan? Yau sai na yanka su!”

Ta lasifika maganar ta fita. Mata suka zabura, benci ya kife. Wata tsohuwa, Kaka Tabita, wadda da ƙyar ta fara samun barci, ta kai bakin ƙofa da takalmi a hannu. A nan garin ihu ba abin wasa ba ne, kuma ni na fi kowa sani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mama Nas ba ta ko harare ni ba. Ta je ta kamo hannun Kaka Tabita, ta zaunar da ita, ta ɗora tafin tsohuwar a kan nata ƙirjin tana numfashi a hankali har ta bi ta. Sauran ma suka bi. Sannan ta ce, “Alade ne kawai, ba komai. Kun ji yadda zuciya take bugawa? To don irin wannan lokaci muke koyo.” Ta juyo gare ni. “Ladi, je ki kore su, ki dawo ki zauna a benci.”

Aji dai Kaka Tabita aka bar wa, kuma ta iya. Ni har yau a benci nake, nesa da taga. Na kuma daina ba da shaida, domin na gane ashe fushina bai je ko'ina ba, alade ne bai samu hanya ba tukuna.