Ranar da Na Nemi Sitiyari Na Rasa

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, a zauren ƙanena Sani ya faru, nan Makera. Akwai Sanin, akwai limaminmu, akwai Alhaji Mamman da ya zo daga Maraɗi nema wa ɗan wansa Isuhu auren 'yarmu Hajara. Isuhu kuwa yana waje jikin babbar motarsa, kunya ta hana shi shiga. Sai ni, gwaggon yarinya, wadda ba wanda ya gayyata.

Lokacin Bature bai tafi ba. Motocin da ke ƙetare gada 'yan kaɗan ne, kowacce na san kukanta, da jiniyar jirgin ƙasa kuma muke gane azahar ta yi. Waina nake toyawa a bakin titi. Ban yi boko ba, amma ba a wuce ni ban gani ba (har alfahari nake da haka, Allah ya yafe mini).

Ana gobe za su zo, na ga motar Isuhu ta shigo da lodin fatu. Ga shi a kujerar dama, inda kowane direba yake zama a wancan zamanin, kai a jingine, baki a buɗe, yana sharar barci, mota kuwa tana tafiya. Kafin la'asar duk wanda ya sayi waina ya ji labari.

Shi ya sa na ɗaga labulen zaure, wurin da mace ba ta shiga ranar irin wannan, na ce ba za a ba da Hajara ga mai tuƙi yana minshari ba. Ina jin kukanta daga cikin gida, don tana son yaron. Sani ya sunkuyar da kai. Tun yana ƙarami bai iya musu da ni ba.

Alhaji Mamman bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaya, zo ki nuna mana inda kika gan shi."

Na shige gaba, liman na biye. Na buɗe ƙofar dama, na miƙa hannu in kama sitiyari. Babu. Kujera ce da buhun goro. Sitiyarin yana can hagu.

Alhaji ya yi bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro, cewa a ƙasar Faransa, wato can wajensu Maraɗi, hannun dama ake bi, shi ya sa direbansu ke zama a hagu, sai sun shigo ta Jibiya suke komawa hannunmu na hagu. Jiya wan Isuhu ne ke tuƙi, shi yana hutawa. Liman ya yi ta tari a hannun riga (dariya ce, na sani). Isuhu ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri," wai shi ke ba ni haƙuri. A nan na gane idona na iya gani sarai, amma bai san dokar garin wasu ba.

An sa rana. Saura mutanen da na riga na cika wa kunne.

Washegari ban hura wuta ba. Na ɗaura zanen sallata, na hau kujerar daman nan, na ce wa Isuhu ya bi ta kasuwa a hankali har bakin gada, don kowa ya gani da idonsa. Na harɗe hannu, na rufe ido, na buɗe baki. Ina jin mata suna salati, wai gwaggon Hajara na tuƙi tana barci.