Tabulet ɗin da na ba taubashina

Allah ya isa tsakanina da mai bidiyon nan da ya rantse sabon tabulet na tafe, ga girma ga araha. Na isa majalisarmu ta Ƙofar Gayan ina hura hanci, na miƙa wa taubashina Sani tsohon tabulet ɗina. "Riƙe tarkacen nan, na ba ka!"

Liman ya ce, "Malam, ka bari sabon ya iso mana."

Na ce masa fiƙihu daban, na'ura daban.

Sabon ya fito da tsadar da ta fi ƙarfina, ko wurin saka sim babu. Kyautar da aka yi gaban Liman kuwa ba ta dawowa.

Har yau da na zauna, sai marar kunyar nan ya goge gilashin da hannun riga, ya ce, "Malam, in ara maka tarkacen?"