Da Kansa Ko Wa Kansa?

Ranar Litinin babur ɗina ya kayar da ni a rafin hanyar Randagi, ni da buhun masara. Kwalbatin wurin shekara biyu ke nan da ruftawa. Na tura babur zuwa gindin ɗorawa ina ɗigar ruwa, na tarar da Malam Andrawus, tsohon malamin firamare, da Dabo makiyayi, suna jira ruwa ya janye.

Na hau mita. Na tuna musu cewa a nan Mai Girma Uban Talakawa ya tsaya bara, ya bugi ƙirji ya ce zai gyara kwalbatin da kansa. Siminti ya iso, mun gani, ya kwana biyu, ya zarce katangar gidan gonarsa.

Malam Andrawus ya ce kada in zalunci bawan Allah, wataƙila kunnena ne ya musanya 'yar kalma ɗaya.

"Da kansa daban, wa kansa daban, Malam Ɗalha. Ya gyara wa kansa. Aiki ya fito daga gare shi, ya koma gare shi."

Sai ya buɗe mana aji a tsaye. Wai idan mai yi da wanda aka yi wa mutum ɗaya ne, Bahaushe kai yake kamawa: na cuci kaina. Dabo ya ce su ma a Fulatanci haka ne, hoore suke cewa, kai ke nan. Balarabe, in ji Malam, rai yake kamawa, nafsu. Bature kuwa wata 'yar wutsiya, wai self, yake liƙa wa wakilin suna.

Na tambaya ko akwai kalmar da ke sa abu ya tsallaka ya kai ga wani. Ya ce akwai juna, amma manya sun riga mu: sun ba juna kwangila, sun yaba wa juna.

Ranar Asabar muka fito mu goma sha ɗaya, da duwatsu da itace, muka ɗinke wurin. Dabo har shanun noman ƙaninsa ya kawo.

Jiya aka turo ma'aikata da katafaren allo mai hoton Mai Girma yana murmushi. Don kowa ya gani, a tsakiyar kwalbatin suka kafa shi. Yanzu ta cikin ruwa muke kewayewa, amma dai muna gaishe shi.