Rasuwar Iskar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har ba wurin zuba wani, ni Kamalu Abdulhamid, mai buga wa mutane takardu a Dungass, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar Wifi, wadda ke zaune cikin ordinaterina, wato kwamfutata. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, lafiyarta ƙalau.

Marigayiya ta shigo gidanmu bara, bayan kart mer ɗin injin, wato uwar allon da komai ke kanta, ta ƙone. Na je Magaria na zaɓi sabuwa, na bar masu araha na ɗauki wadda aka haifa da wifi a jikinta. Wifin ƴar mitsitsiya ce, da ƙahoni biyu a bayan akwatin injin. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, iyakarta “ɗilin” in ta kama rezo, wato sabis, daga shagon Sadisu da ke bayan katangarmu.

Babban aikin alherinta shi ne na Juma'a. Bayan la'asar takan ɗauko ƙanena Ayuba daga Tamanrasset, da fuskarsa da dariyarsa, ta ajiye shi a gaban mahaifiyarmu Inna Ɗela. Idon Inna ya yi rauni, a wayar hannu ba ta bambanta Ayuba da ƙwayar gyaɗa. A babban gilashin ordinater kuwa har ramarsa take gani, ta yi masa faɗa a kai.

Ajali ya zo ta bakin Najib mai gyara, ranar da ya zo share wa injin ƙura. Yana buɗe akwatin ya yi yabo da ƙarfi:

“Kai Kamalu, ka iya zaɓe! Ai wannan da iskarta a ciki, ba ta buƙatar waya.”

Inna na bakin ƙofa tana ɓarar wake. Ta ajiye ƙwarya.

“Najib, me ka ce tana ciki?”

“Iska, Inna.”

“A ɗakin da jikokina ke kwana?”

Nan take aka gano dalilin da zabin gidan suka daina ƙwai, da abin da ke sa matata Fiddausi ciwon kai. Na yi bayani har miyauna ya ƙafe, na ce wannan iskar ce ke kawo Ayuba. Inna ta ce in kama bakina, ɗanta ɗan Musulmi ne, ba ya hawan iska, ta wayar kuran, wato lantarki, yake zuwa, ga ta nan kowa na gani.

Najib ya shiga can ƙuryar injin ya kashe marigayiya da maɓalli, a kan in ƙura ta lafa mu tashe ta. Inna ta ce ita ba ta ga gawa ba. Dole ya kwance ta, ya cire ƙahonin, ya miƙa. Ta karɓa da bakin zane, ta jefa a tsohuwar rijiyar bayan gari, ta dawo ta turara ɗakin. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma uwa ce.

Marigayiya ta bar akwati da ramuka biyu a baya, da linzamin da ake dannawa, da injin buga takarda wanda bai ma san an yi mutuwa ba. Ta bar ƙanenta a kasuwar Magaria, wanda ake soka wa ordinater ta gefe, sai dai Inna ta rantse dangin iska ba su ƙara tsallake mata zaure. Zabi kuwa har yau ba ƙwai.

Ba za a yi jana'iza ba, tunda Inna ta riga ta yi ita kaɗai. Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan la'asar a ɗakin aikina. Masu zuwa za su tarar da Inna a kan tabarma gaban gilashin, da sabon zanenta da turare, kamar yadda ta zauna Juma'ar da ta wuce tana jiran Ayuba har aka kira magariba. Ina roƙo kada kowa ya yi mata gardama. Da ta tashi ranar, ta naɗe tabarmarta, ta ce mini:

“Ka gani ko, Kamalu? Muguwar da za ta tafi, sai da ta tafi mini da yaro.”

Na duba maganar ta kowane gefe, ban sami inda Inna ta yi kuskure ba.